Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙasashen Yarjejeniyar Bon: a binciki shinge da madatsa kafin a harbi kura

Zuwa ga wakilan ƙasashen da suka rattaba hannu a Yarjejeniyar Kare Dabbobi Masu Ƙaura ta 1979, da sakatariyarta da ke birnin Bon na ƙasar Jamus.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni malamin kimiyyar halittu ne, kuma na rubuto muku da yawun wasu mutane da ba a cika jin muryarsu a tarukanku ba: malaman makaranta, ɗalibai, da 'yan sa-kai da ke sammako su je bakin ruwa su ƙirga tsuntsaye ba don albashi ba. Wani kaso na alƙaluman da ƙwararru ke kawo muku daga litattafan irinmu yake fitowa, shi ya sa muke ganin muna da bakin magana.

A watan Fabrairun 2024, a taronku na birnin Samarkand na ƙasar Uzbekistan, kun fitar da rahoto na farko kan halin da dabbobi masu ƙaura ke ciki a duniya. Rahoton ya nuna cewa cikin nau'o'i 1,189 da ke jerinku a lokacin, kashi 44 cikin ɗari suna raguwa, fiye da ɗaya cikin biyar na fuskantar ƙarewa, a ɓangaren kifaye kuwa abin ya kai kashi 97. Rahoton ya faɗi gaskiya da ya ɗora laifin a kan abu biyu, wato kamu da kisa fiye da kima, da lalata muhallin da dabbobin ke rayuwa. Kukanmu shi ne abin da ke faruwa idan an bar zauren taro an koma daji. Da zarar garke ya ragu ko kifi ya yi ƙaranci, abin da hannun hukuma ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne bindiga, a ce zaki ne, kerkeci ne, tsuntsu mai cin kifi ne. An bar jaki ana dukan taiki. A gefe guda kuma, maharan da mu 'yan Adam muka kai inda ba wurinsu ba, waɗanda su ne suka cancanci a yaƙa, aikinsu yana tafiyar hawainiya saboda rashin kuɗi.

Ƙorafinmu na farko shi ne yadda ake mance cewa dabbobi masu farauta suna cikin dalilan da suka haifar da ƙaura tun asali. Zaki da damisa suna da yankin da suke tsaro da 'ya'ya ƙanana da ba za su iya barinsu ba, don haka ba sa iya bin garke ɗaruruwan kilomita. Garken da ke tafiya ya kuɓuce musu mafi yawan shekara. A Serengeti ta Tanzaniya, nyumbu, wata dabba dangin gwanki da kanki, kimanin 250,000 ne a farkon shekarun 1960, lokacin da cutar bushiya ke cin su. Da aka yi wa shanun kewayen dajin rigakafi cutar ta ɓace, sai ga su sun haura miliyan 1.3 zuwa 1977, alhali zakuna da kuraye suna nan ba inda suka je. Binciken shekaru da dama a dajin ya nuna cewa abin da ke tsayar da yawansu shi ne ƙarancin ciyawa da rani. Har haihuwarsu ma an gina ta ne a kan kura. Iyaye mata suna taruwa a filayen kudu wajen watan Fabrairu, su haifi ɗaruruwan dubban maruƙa cikin makonni biyu zuwa uku, ɗan maraƙi ya miƙe tsaye cikin 'yan mintuna. Kuraye su ci su ƙoshi su bar saura. Wanda aka haifa kafin wannan lokaci ko bayansa shi ne ya fi shiga haɗari, domin idon kowa na kansa.

Hotunan talabijin sun sa duniya ta ɗauka kada ne sarkin kashe nyumbu a Kogin Mara, wanda suke tsallakawa a ƙaurarsu. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin nyumbu 6,250 ne ke nutsewa a kogin kowace shekara sakamakon turereniya a mashigai masu gangara, kuma abin da kadoji ke ci daga gawarwakin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Sauran ya zama abincin ungulaye da kifaye da ƙananan halittun ruwa, ƙasusuwan kuma su ɗauki shekaru suna ciyar da kogin.

Tsuntsaye ma haka suke. Me zai sa ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya tsallake ƙasashe masu ni'ima ya tafi can ƙuryar arewacin duniya yin ƙwai? Masu bincike a Kanada sun ajiye sheƙunan gwaji sama da 1,500 a kan tazarar kilomita 3,350 daga kudu zuwa arewa, suka buga sakamakon a 2010: gwargwadon nisan da aka yi arewa, gwargwadon raguwar haɗarin a cinye ƙwan. Wahalar tafiyar tana biyan kanta. A cikin teku kuwa, ƙananan halittu ba iyaka suna hawowa sama da dare su ci abinci, su nutse cikin duhu da safe don kada kifi ya gan su, kuma wannan ce ƙaura mafi girma a doron ƙasa idan aka auna da nauyi. Duk wanda zai tsara dokar kare masu ƙaura ba tare da wannan a ransa ba, zai yi ta ganin maƙiyi a inda babu shi.

Na biyu, kuma nan ne muka fi so ku tsaya: farauta tana zama ɓarna ne idan mun tare hanya. A 1961 an kammala shinge a iyakar yammacin gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu. Shingen ya raba nyumbu da wuraren da suke zuwa kiwo, yawansu ya faɗi, waɗanda suka rage suka zama mazauna wuri ɗaya a gaban zakuna dare da rana. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar dajin ta shiga harbe zakuna da kuraye, aka kashe ɗaruruwa. Ba a daɗe ba wasu zakunan suka shigo daga maƙwabta suka cike gurbin, amfanin da aka samu bai taka kara ya karya ba, aka dakatar da shirin a 1980. Shingen da ya jawo matsalar ya daɗe a tsaye bayan haka.

Na san Amurka da Kanada ba sa cikin yarjejeniyarku, amma darasinsu ya shafe ku, don irin hanyoyinsu ake kwaikwayo. Madatsar ruwa ta Bonabil da ke Amurka, wadda aka kammala a 1938 a kan Kogin Kolumbiya, tana da nisan fiye da kilomita 200 daga teku. Kifin salmon da ke dawowa yin ƙwai yana cunkusuwa a ƙarƙashinta yana neman bakin matattakalar da aka gina masa. Zakunan teku, wasu manyan dabbobin ruwa masu cin kifi, suka gano haka, suka riƙa yin iyo duk wannan nisa suna zuwa cin banza. Tun 2008 aka ba da izinin kashe su, a 2018 kuma majalisar dokokin ƙasar ta faɗaɗa izinin. A bakin kogin akwai wani tsibirin yashi da tsuntsayen ruwa masu nitso da ake kira komoran suka mayar da shi babban mazauninsu. A 2015 aka fara shirin kashe kusan 11,000 daga cikinsu don ceton ƙananan salmon. An harbe sama da 5,000, an lalata dubban sheƙuna, mazaunin ya watse. Ina suka nufa? Dubbai suka koma ƙarƙashin gadar Astoriya, can sama a cikin kogin, inda kifayen teku ba su da yawa, don haka kowane tsuntsu ya fi cin salmon fiye da da. Yanzu ga hukumomi suna neman dabarar mayar da su inda aka kore su.

A lardin Biritish Kolumbiya na Kanada, tun 2015 ake harbin kerkeci daga jirgi mai saukar ungulu don ceton barewar ƙanƙara da ake kira karibu, kuma an kashe sama da 2,000. Karibun tsaunuka dabararsa ita ce ya hau can sama inda kerkeci ba ya wahalar da kansa. Sai aka sare tsofaffin dazuzzuka, sabon tsiro ya jawo wasu nau'o'in barewa, su kuma suka jawo kerkeci. Aka kuma tsattsaga daji da hanyoyin masu katako da masu neman mai da iskar gas, an auna kuma an ga kerkeci yana tafiya a kansu da saurin da ya ninka na cikin daji biyu zuwa uku. Mu muka share masa titi har ƙofar abincinsa.

Ba za mu ɓoye abin da bai yi mana daɗi ba: wani lokaci kisan yana aiki. Garken karibu na Kilinse-Za, a wannan lardin, ya ragu zuwa dabbobi 38 a 2013. Al'ummomin asali biyu na yankin suka riƙa killace mata masu ciki har su haihu 'ya'yan su yi ƙwari, tare da rage kerkeci, garken ya haura 100 zuwa 2021. Da ba a yi haka ba da ya ƙare. Amma su kansu waɗanda suka yi aikin sun matsa sai da aka sa hannu a yarjejeniyar kare ƙasar garken a 2020, domin sun san harbi lokaci kawai yake saye. Inda ake harbi kowace shekara kuma ana ci gaba da ba da lasisin sare daji, wannan ba ceto ba ne, biyan kuɗin ɓarna ne da ran wata dabba.

Na uku ya shafi abin da ba ya bayyana a ƙidayar gawa, wato tsoro. Na taɓa tsayawa a wata laka ta bakin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki ke yada zango a cikinta. Wata hukuma ta gina shingen ƙasa a gefen wurin, ta dasa itatuwa ta kafa dogayen fitilu, da sunan ƙawata shi. Tsuntsayen na cikin caccakar laka sai shaho ya fito daga bayan shingen, ƙasa-ƙasa, ba a gan shi ba sai da ya iso. Garken ya tashi gaba ɗaya, ya dunƙule ya juya farin ciki ya juya baƙin baya, shahon ya wuce bai kama ko ɗaya ba, ya je ya sauka a kan fitila yana gyara fiffike. Su kuwa suka yi ta shawagi a kan ruwa sun kasa sauka, har ruwa ya dawo ya rufe lakar. Ba a zubar da jini ba, amma cin abincin wannan rana ya tafi, ga kuma dubban kilomita a gabansu. Tsuntsu mai ƙaura kitse ne man tafiyarsa, kitsen kuma yana rage masa saurin tashi, saboda haka kullum yana auna ko ya ƙara ci ko ya gudu da ransa.

Masana sun auna wannan. Bayan Amurka ta haramta maganin ƙwari na DDT a 1972, shahon da maganin ya kusa ƙarar da shi ya farfaɗo. A tsibirin Sidni da ke gabar yammacin Kanada, inda itatuwa ke kusa da laka, wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da kan yi kwana 8.4 a zango a 1992 ya koma yin kwana 2.7 a 2001, nauyin jikinsa ma ya ragu. Masu ƙidaya suka ga tsuntsaye suna raguwa shekara bayan shekara, ashe yawancin raguwar saurin wucewa ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da littafi da madubin hangen nesa. Idan ba a rubuta tsawon zaman tsuntsu da yawan shahon da ke wurin ba, alƙaluman da muke aiko muku za su iya sa a yi kuka inda babu mutuwa, ko a yi shiru inda ake mutuwa. Kuma fili mai faɗin hekta dubu da aka kewaye da turaku da itatuwa bai kai ƙaramin fili da tsuntsu ke hango nesa daga cikinsa amfani ba.

Na huɗu shi ne inda ake sakaci na gaske. Tsibirin Gof da ke kudancin Tekun Atlantika, ƙarƙashin Birtaniya, kusan shi kaɗai ne wurin da albaturos na Tiristan, wani babban tsuntsun teku, ke yin sheƙa. Tsuntsun yana yawo a kan teku dubban kilomita, ya dawo ya yi ƙwai ɗaya tak a shekara biyu. A ƙarni na 19 jiragen ruwa suka kai ɓeraye tsibirin. Ɓerayen sun girma fiye da na ko'ina, sun koyi cin 'ya'yan tsuntsaye da ransu. Ɗan albaturos ya ninka ɓera nauyi ɗaruruwa, amma yana zaune a sheƙa ana gwaguyar bayansa dare bayan dare bai san ya kare kansa ba, don kakanninsa ba su taɓa haɗuwa da irin wannan ba. An ƙiyasta asarar ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye kusan miliyan biyu a shekara. A 2021 aka baza guba daga sama a duk tsibirin, a watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauki ɓera guda da rai, daga nan suka sake yaɗuwa. A tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu kuwa, kyanwoyi biyar aka kai a 1949 don su kama ɓeraye. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 zuriyarsu ta kai dubbai, tana kashe tsuntsayen teku kimanin 450,000 a shekara. Sai 1991 aka gama da kyanwoyin, ɓerayen kuma suna nan, yanzu har albaturos suke far wa.

Abin takaicin shi ne an san maganin. An tabbatar da tsibirin Makwari na Ostireliya ya rabu da ɓeraye da zomaye a 2014, tsibirin Jojiya ta Kudu kuma ya rabu da ɓeraye a 2018, tsuntsaye suka fara dawowa. Amma yawancin irin waɗannan ayyuka sai ƙungiyoyin sa-kai sun yi ta neman taimako shekara da shekaru kafin jirgi ya tashi, alhali kuna da yarjejeniya ta musamman kan albaturos da ke aiki tun 2004. Kyanwar gida ma kada a raina ta: wani ƙiyasi na 2013 ya ce kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a shekara a Amurka kaɗai. Tsuntsun da ya kwana yana tashi, hasken gari ya ruɗe shi ya sauko a gajiye, ba shi da ƙarfin tsere mata.

Akwai kuma ɗaya fuskar da za mu taɓa a gurguje. Masu farautar ma a kan masu ƙaura suke rayuwa. Shahon Eleyonora yana jinkirta ƙyanƙyasa har ƙarshen bazarar Turai don 'ya'yansa su dace da lokacin da ƙananan tsuntsaye ke tsallaka Bahar Rum, daga baya shi ma ya ɗauki hanyar Madagaska. Idan garke ya daina zuwa, zaki da kura sukan juya kan dabbobin makiyaya, makiyayi ya sa guba a mushe, ungulu ta ci ta mutu. Kun sa zaki da damisa a jerinku a taronku na birnin Manila na ƙasar Filifin a 2017, saboda haka mai ci da wanda ake ci duk amanarku ne.

Ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da ƙa'ida da za ta hau kan kowace ƙasa mamba, cewa ba za a fara kashe wata dabba mai farauta 'yar asalin wuri da sunan ceton mai ƙaura ba sai an cika sharuɗɗa. A fara gabatar da shaidar abin da ke kashe dabbar da ake son cetowa. A ambaci shinge ko madatsa ko hanyar da ta ba maharin dama, a rubuta ranar da za a gyara ta da wanda zai biya. A sa wa shirin wa'adin ƙarewa, a kuma buga sakamakonsa kowace shekara kowa ya gani, har da inda sauran dabbobin suka koma bayan an tarwatsa su. Inda garke ya kai bakin ƙarewa ba mu ce a naɗe hannu ba, amma lasisin harbi da lasisin sare daji kada su fito daga ofis ɗaya a shekara ɗaya.

Ku kafa asusu na dindindin don kawar da ɓeraye da kyanwoyi daga tsibiran da tsuntsayen teku ke haihuwa, a sa Mariyon da yunƙuri na biyu a Gof a sahun gaba, a kuma tilasta binciken kaya da jiragen ruwa kafin su doshi tsibiran da aka riga aka tsarkake.

Wuraren zango kuwa, a daina auna su da faɗi kaɗai. A hana dasa itatuwa da kafa turaku da fitilu a bakin lakar da tsuntsaye ke kiwo, a rage hasken dare a makonnin wucewarsu, a kuma kare zango fiye da ɗaya a kowace hanya domin wanda aka kora daga nan ya samu wurin sauka a gaba. Taswirar hanyoyin ƙaurar manyan dabbobi da aka ƙaddamar a 2024 aiki ne mai kyau, muna so a ƙara mata wuraren da shinge ko gada ko madatsa ke cunkusa dabbobi a gaban masu jiransu, a fara cire shingen daga nan. Makiyayan da ke zaune a kan waɗannan hanyoyi a riƙa biyansu diyya da wuri idan an kashe musu dabba, a taimaka musu da garka mai ƙarfi, kafin su nemi guba.

Namu kuma, ku sa kwamitinku na kimiyya ya fitar da takardar ƙidaya iri ɗaya mai gurbin rubuta tsawon zaman tsuntsu a zango, da yawan shaho da kyanwa da karnukan da aka gani, a fassara ta cikin harsunan da masu ƙidayar ke ji. Za mu cike ta, kuma muna sauraron amsarku a rubuce kafin taronku na gaba.

Naku cikin girmamawa,
Malamin kimiyyar halittu, a madadin 'yan'uwansa masu ƙidayar tsuntsaye